MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO: Yadda Mai Ciwon Asma Zai Riƙa Auna Kansa da Kansa

(Laccar da wani likitan ƙirji ya gabatar a zauren taron ɗalibai bisa gayyatar Ƙungiya. Mun buga ta kamar yadda ya karanta.)



Ina godiya ga Ƙungiya da ta gayyace ni, balle ma da yake gayyatar ta zo a kan gaɓa, ga hunturu ya kunno kai, hazo ya fara rufe gari. Mu a asibiti ba sai mun duba kalanda muke sanin shigowar hunturu ba. Da zarar iskar arewa maso gabas ta fara kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana watsa mana, sai mu ga ana ta kawo mana masu asma cikin dare, wannan a goye, wancan a riƙe, kowa yana kokawa da numfashi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, galibinsu ciwon ya yi kwanaki yana yi musu sallama kafin ya kayar da su, amma ba su amsa ba, domin ba wanda ya koya musu yadda ake gane sallamar. Koyar da wannan shi ne maƙasudin maganata a yau.

Da farko bari mu san abin da muke magana a kai. Asma ciwo ne na ƙananan hanyoyin da iska ke bi cikin huhu. A jikin mai asma, fatar cikin waɗannan hanyoyi tana ɗauke da kumburi ko da a ranar da yake jin garau. In ya shaƙi abin da jikinsa ba ya so, sai kumburin ya ƙaru, majina ta taru, naman da ke kewaye da hanyoyin ya tsuke. Daga nan sai tari, da kukan ƙirji kamar na mage, da nauyi kamar an ɗora masa dutse, da sarƙewar numfashi. Asma daban take da tarin fuka, kuma ba a ɗaukarta ta wajen cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da ita, ta kuma yi sanadin mutuwar mutum 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Har yau ba a sami maganin da ke raba mutum da ita kwata-kwata ba, amma akwai wanda ke kwantar da ita har mutum ya yi karatunsa, ya yi aikinsa, ya buga ƙwallonsa, ya yi barcinsa kamar kowa. Wannan hali shi muke nufi in mun ce ciwo ya kwanta.

SABO TURKEN WAWA

To, yaya mutum zai san ko nasa ya kwanta? Wani zai ce, ai jikinsa zai gaya masa. Bari in ba ku labarin wani ɗalibi da ya zo wurina, ba zan faɗi sunansa ko makarantarsa ba. Na ce masa, “Yaya ƙirjin?” Ya ce, “Da sauƙi, likita.” Kun san mu Hausawa, ko mutum yana kan gargara, in an gaishe shi da jiki, “da sauƙi” zai ce. Don haka sai na sake salon tambaya. Na ce, a makon jiya dare nawa tari ya tashe ka? Ya ce uku. Na ce, kana buga ƙwallo? Ya ce ya bari tun bara. Na ce, ina ɗakinka yake? Ya ce da a bene yake, amma ya yi musaya da wani abokinsa ya dawo ƙasa, don hawan matakala yana sa shi haki. Na ce, gwangwanin maganin shaƙa kwana nawa yake yi maka? Ya ce kamar mako uku.

Wannan yaro ba ƙarya ya yi mini ba da ya ce da sauƙi. Sannu a hankali ya yi ta rage rayuwarsa don ta yi daidai da numfashinsa, har ya manta yadda cikakken numfashi yake. Likitoci sun daɗe da gano cewa akwai masu asma da hanyoyin iskarsu kan tsuke ƙwarai ba tare da sun ji daidai da tsananin abin ba, musamman waɗanda suka daɗe da ciwon. Saboda haka jin jiki kaɗai ba ma'auni ba ne. Sai an haɗa da ƙidaya, sai an haɗa da rubutu. Ku da ke karatun lissafin kuɗi kun san ɗan kasuwar da ke cewa “ciniki na tafiya” alhali ba ya rubuta shiga da fita, shi ne kan wayi gari ya tarar uwar kuɗi ta narke.

Ga shaida daga wata ƙasa. A shekarar 2014 Ƙungiyar Manyan Likitoci ta Ingila ta fitar da rahoton binciken da ta yi kan mutum 195 da asma ta kashe a Birtaniya. An tarar kashi 45 cikin ɗari sun rasu ba su nemi taimakon likita ba, ko kuwa kafin taimakon ya iso gare su. Kashi 23 cikin ɗari ne kawai aka taɓa ba rubutaccen tsarin abin da za su yi in ciwo ya tashi. In haka ta faru a ƙasar da motar asibiti ke zuwa har ƙofar gida, ina ga mu da sai an nemi abin hawa da tsakar dare? Likita yakan gan ka minti goma a cikin wata uku. Sauran kwanakin duka kai ne da ƙirjinka.

MA'AUNI NA FARKO: TAMBAYOYI HUƊU

Akwai wani kwamitin masana asma na duniya da ake kira GINA, wanda aka kafa a 1993. Shi ya tsara tambayoyi huɗu da ba su bukatar ko sisin kwabo. A ƙarshen kowane wata, mai asma ya zauna ya tambayi kansa game da mako huɗun da suka wuce:

1. Alamun ciwon sun taso mini da rana fiye da sau biyu a mako?
2. Asma ta tashe ni daga barci, ko da sau ɗaya ne?
3. Na bukaci maganin buɗe ƙirji fiye da sau biyu a mako? Ba a lissafa wanda aka shaƙa kafin motsa jiki don rigakafi.
4. Asma ta hana ni wani abin da na saba yi, ko lacca, ko ofis, ko wasa, ko aikin gida?

In amsa duka “a'a” ce, ciwo ya kwanta. In akwai “i” ɗaya ko biyu, kwanciyar rabi da rabi ce. In sun kai uku ko huɗu, ciwon ya kuɓuce, sai a nemi likita ba tare da jiran ranar da ya ɗiba ba. Ina roƙonku ku ba tambaya ta biyu muhimmanci na musamman. Hanyoyin iska sun fi tsukewa a ƙarshen dare, wajen ƙarfe huɗu, gab da asuba. Mutumin da tari ke tasa a wannan lokaci ya san wuta tana ci a ƙarƙashin toka, ko da kuwa da rana lafiya lau yake yawo.

MA'AUNI NA BIYU: ƘIDAYAR GWANGWANI

Maganin shaƙa iri biyu ne, kuma rashin bambance su ya jawo asarar rayuka. Na farko shi ne mai buɗewa, watau salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, galibi a shuɗin mazubi. Yana sassauta naman da ya tsuke cikin 'yan mintoci, aikinsa ya ɗauki kamar awa huɗu, amma ba ya taɓa kumburin ko kaɗan. Na biyu shi ne mai karewa, irin su beklometason da budesonid, wanda ke kwantar da kumburin kansa. Shi ba a jin aikinsa nan take, sai an yi kwanaki ko makonni ana shaƙa a kai a kai, shi ya sa mutane ke raina shi su ce ba ya aiki. Mai buɗewa kamar kwano ne da ake tarawa a inda ɗaki ke yoyo. Mai karewa shi ne yaɓen rufi. Tun daga 2019 kwamitin GINA ya daina amincewa a riƙe baligi mai asma da salbutamol shi kaɗai. Akwai kuma mazubin da ya haɗa budesonid da formoterol wuri ɗaya, wanda ke buɗewa yana karewa. Likita ne zai duba wanda ya dace da kai da kuma aljihunka.

Yanzu ga lissafi. Gwangwanin salbutamol ɗaya yana ɗauke da fesa 200. Wanda ciwonsa ya kwanta, yana bukatarsa sau biyu a mako ko ƙasa da haka, fesa biyu kowane karo, watau huɗu a mako, 208 a shekara. Kun ga ke nan gwangwani ɗaya ya kamata ya kusa kai shi shekara. Wanda ke shanye ɗaya a wata kuwa, yana fesa kusan sau bakwai kowace rana. Bincike ya nuna cewa gwangwani uku ko fiye a shekara alama ce ta ƙarin haɗarin mummunan tashin ciwo, goma sha biyu ko fiye kuwa tana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa. A rahoton Ingila da na ambata, daga cikin mamatan da aka san adadin maganinsu, kashi 39 cikin ɗari an rubuta musu fiye da goma sha biyu a shekararsu ta ƙarshe. Don haka ranar da ka buɗe sabon gwangwani, ka manna masa 'yar takarda ka rubuta kwanan wata. Ranar da ya ƙare ka ƙidaya kwanakin. A nan ƙasar, inda mutum kan je kemis ya saya ba tare da takardar likita ba, babu mai yi maka wannan ƙidaya in ba kai ba.

MA'AUNI NA UKU: ƘARFIN BUSA

A shekarar 1959 wani likitan Ingila mai suna Martin Wright ya fito da na'urar auna iyakar saurin iskar da mutum ke iya busowa daga huhunsa. Ta yanzu 'yar roba ce da ba ta kai tsawon kwalbar lemo ba, ba ta bukatar batir, tana da kibiya mai gudu a kan lambobi. A Turance sunanta fik-filo mita. Mu kira ta ma'aunin busa. Yadda ake aiki da ita shi ne: ka miƙe tsaye, ka mayar da kibiya kan sifiri, ka ja numfashi iyakar cikar ƙirjinka, ka kama bakin na'urar da leɓɓanka kam, sa'an nan ka buso da ƙarfi gaba ɗaya, busa guda gajera, kamar mai kashe fitilar da ke nesa da shi. Ka yi haka sau uku, ka rubuta lamba mafi girma. Ana yi da asuba kafin a shaƙi magani, a kuma yi da yamma.

Lambar wani ba ta shafe ka ba, domin ta danganta ga tsawo da shekaru da jinsi. Abin da za ka nema shi ne lambarka ta ƙoli, watau mafi girman abin da ka busa cikin mako biyu ko uku a lokacin da kake lafiya kana kuma shan magani daidai. Daga ita ake yanka matakai uku masu launin fitilar ba da hannu ta kan titi. Alal misali, a ce lambarka ta ƙoli 500 ce. Daga 400 zuwa 500, watau kashi 80 cikin ɗari zuwa sama, kana kan kore, sai ka ci gaba da abin da kake yi. Daga 250 zuwa ƙasa da 400 kana kan rawaya, ciwo ya fara motsi, sai ka bi umurnin da likita ya rubuta maka, ka kuma neme shi. Ƙasa da 250, watau ƙasa da rabi, ja ke nan: shaƙi mai buɗewa nan take ka nufi asibiti.

Ka lura kuma da tazarar da ke tsakanin lambar asuba da ta yamma. Wanda ke busa 380 da asuba, 480 da yamma, tazararsa ta wuce kashi ɗaya cikin biyar, kuma hakan yana nuna ciwon bai zauna ba. Babban amfanin wannan na'ura shi ne, sau da yawa lamba kan fara sauka kwana ɗaya ko biyu kafin mutum ya ji a jikinsa. Wanda bai sami halin sayenta ba, kada ya karaya. Tsarin da aka gina kan alamun ciwo da ƙidayar fesa shi ma yana aiki, muddin ana rubutawa da gaskiya.

LITTAFIN ƘIRJI

Duk waɗannan ma'aunai wuri ɗaya za su taru, a cikin ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ka ja layi shida: kwanan wata, lambar asuba, lambar yamma, yawan fesa, ko ka farka da dare, sa'an nan abin da ya faru a ranar. Mai son ya yi a cikin wayarsa ya yi, abin nufi dai kada rana ta wuce ba a cika ba. Minti biyu ya isa.

Layin ƙarshe shi ne ɗan sandan ciki mai kama ɓarawo. Bayan wata ɗaya ko biyu za ka fara ganin abin da ke maimaita kansa. Wani zai tarar lambarsa na faɗuwa duk ranar da aka share ɗaki ba a yayyafa ruwa ba. Wata za ta ga duk daren da aka yi turaren wuta ko aka kunna maganin sauro na hayaƙi, sai ta kwana tana tari. Ga hayaƙin itace da na gawayi, ga na janareta, ga taba sigari da shisha, ga kyankyasai da tsohuwar katifa da darduma mai ƙura, ga mura. Akawun da ke aiki a ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, in ya ga lambarsa tana sauka daga Litinin zuwa Juma'a tana hawa a ƙarshen mako ko lokacin hutu, ya sami hujjar da zai kai wa likita da shugabansa na ofis. Wasu kuma aspirin da ibuprofen ne ke tayar musu da ciwo. Duk wanda ya ga haka ya rubuta da jan biro, ya riƙa faɗa wa duk mai ba shi magani.

In littafi ya nuna ciwo bai kwanta ba, kafin ka ce magani ba shi da kyau ka bincika abu biyu. Na ɗaya, kana shaƙar mai karewa yadda aka ce, ko sai ranar da ka tuna? Na biyu, ka iya shaƙar? Da yawa suna fesa wa harshensu ne kawai. Ana girgiza mazubi, a fitar da numfashi, a danna daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma, a kuma kurkure baki bayan mai karewa. Akwai wani bututu da ake sawa tsakanin baki da mazubi don magani ya isa huhu sosai. A 1999 likitoci a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun nuna cewa gorar roba mai rabin lita, in an huda gindinta daidai bakin mazubin an toshe gefe, tana yin aikin da na kanti ke yi. Ka tafi da mazubinka asibiti, ka shaƙa a gaban likita ko nas su gyara maka.

Sa'an nan kada ka bar ofishin likita sai ya rubuta maka tsari a takarda ɗaya: maganin kullum da yawansa, abin da za ka ƙara in ka shiga rawaya, lokacin da za a fara ƙwayoyin prednisolon in ya ga da bukata, da inda za ka nufa in ka shiga ja. Kada ka mayar da waɗannan ƙwayoyi abin sha kullum da ra'ayin kanka, domin daɗewa a kansu yana jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Masu azumi su tattauna da likita tun kafin watan ya kama. Maganin da ake shaƙa sau biyu a rana ana iya mayar da shi lokacin sahur da bayan buɗa baki. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, tare da rama ko gumin dare ko jini a kaki, kada a ɗora wa asma, a je a gwada kaki saboda tarin fuka.

GA ABOKAN ZAMA

Yanzu maganata ta koma kan waɗanda ba su da asma, domin ranar da abin ya yi tsanani, mai ciwo ba shi da numfashin da zai yi bayani. In ka ga abokin ɗakinka ba ya iya ƙarasa jimla ɗaya sai ya tsaya ya ja iska, ko yana numfashi sau 25 ko fiye a minti, ko bugun zuciyarsa ya kai 110, ko ya shaƙi magani bai ji sauƙi ba, to, abin ya kai na asibiti. In leɓɓansa ko harshensa suka sake launi, ko ya galabaita yana gyangyaɗi, ko kukan ƙirjin ya ɗauke alhali yana ci gaba da wahala, rai ne a kan siraɗi. Shirun nan ba sauƙi ba ne, iska ce ta daina shiga. Ka zaunar da shi a miƙe, kada ka kwantar da shi. Ka kore taron jama'a. Ka ba shi fesa ɗaya na shuɗin mazubi duk bayan rabin minti zuwa minti ɗaya, har sau goma, yayin da wani ke neman mota. Kada a tsaya jiƙa wani abu, kada a ba shi maganin barci, kada a ce a bari gari ya waye.

Ga shugabannin Ƙungiya kuma ina da roƙo uku. Ku nemi hukumar makaranta ta ajiye ma'aunin busa da bututun shaƙa a ɗakin shan magani, ta kuma tanadi mai karewa, ba mai buɗewa kaɗai ba. Ku sa baki a daina ƙona shara kusa da ɗakunan kwana. Ku kuma yaƙi tsegumin da ke sa ɗalibi, musamman ɗaliba mai tunanin aure, ɓoye mazubinta a ƙasan akwati don kada a ce tana da ciwo. Ranar Asma ta Duniya tana faɗowa Talatar farko ta watan Mayu kowace shekara. Dama ce da za ku iya shirya irin wannan zama.

Ɗalibin nan da na ba ku labarinsa, ranar farko 280 ya busa. Ya karɓi mai karewa, ya gyara shaƙarsa, ya buɗe littafi. Littafin ne ya tona asirin maganin sauron da suke kunnawa kowane dare, suka koma gidan sauro. Bayan wata uku ya dawo mini yana busa sama da 500, ya kuma ce ya koma fili. Da na ce masa yaya ƙirji, bai ce da sauƙi ba, littafin ya miƙo mini.

Saboda haka, ƙannena, duk mai asma a cikinku ya sayi littafinsa yau, ya rubuta kwanan wata a jikin gwangwaninsa kafin ya kwanta. Duk mai aboki ko ƙane mai asma ya kai masa wannan saƙo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.